Zagayen tsohuwar Maraɗi da ƙafa bayan la'asar: ta ina za mu fara?

Mai Awon Fili ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu awon fili da injiniyoyin gini za ta yi taron kwana uku a nan Maraɗi cikin watan Disamba. Baƙi na zuwa daga Yamai, Doso, Tawa da Damagaram. Idan an haɗa da mu ƴan gida za mu kai mutum 35, ciki har da mata 8 da wasu dattawa da ƙafa ba ta ba su doguwar tafiya. An ɗora wa kwamitinmu nauyin shirya musu zagayen tsohon gari da ƙafa, da marece, bayan an tashi daga zaman yini na biyu, a rufe da cin abincin dare tare.

Ga inda muka cije: Damagaram na da Birni, Agadas na da hasumiyar masallacinta, mu me za mu nuna wa mutanen da gini da tsarin gari ne sana'arsu? Wani a kwamiti ya ce a zuba su a mota a kai su tafkin Madarunfa kowa ya huta, amma shugabanni sun ce ƙafa suke so, kuma cikin gari. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Ta ina za a fara, ina za a ƙare, ƙarfe nawa, wurin wa za a nemi izini, kuma wane irin mutum ya dace ya ja gaba? Jika biyu-biyu muka tara, wato sefa 70,000, ban da kuɗin abinci. Allah ya saka da alheri.

Mushen Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, kada ku yi wa baƙi alkawarin ganuwa. Wanda ya fito da hoton Birnin Damagaram a ransa zai yi ta waige-waige har a gama zagayen bai ga komai ba. Maraɗin farko a ƙasa take, cikin kwarin gulbi, da ganuwarta da ƙofofinta. Ambaliyar 1945 ce ta ci ta, sai Faransawa suka hau da garin bisa tudu, suka ja layuka miƙaƙƙu, suka yanka kare-kare, wato filaye masu kusurwa huɗu. Fada ta hau, unguwanni suka hau da sunayensu: Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Limanci da sauransu. Abin da ake kira tsohon gari yau zanen bayan 1945 ne, amma sarautar da ke zaune cikinsa ta ɗaruruwan shekaru ce. Ɗan yawon buɗe ido zai ga kamar an rage masa. Mai awon fili kuwa nan darasinsa yake: yaya aka ɗauko gari mai lunguna, wanda kowace unguwa ke jingine da gidan mai sarautarta, aka zuba shi cikin zanen da aka ja da igiya da turaku? Me ya tsira, me ya ɓace?

Da za a bi tawa, daga bakin tudu za a fara, can yamma inda ƙasa ke gangarawa zuwa garake da gonakin fadama, domin daga nan labarin ya taso. A tsayar da mutane inda za su ga bambancin tudu da kwari da idonsu. A gaya musu gulbin daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Jibiya, ya shigo ta ƙasar Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, kuma tun da aka yi madatsar Jibiya ruwan da ke isowa ya ragu. Ba makawa wani injiniya zai tambaya me ya kai mutane kafa gari a hanyar ruwa. A lokacin kwarin kurmi ne mai duhu, doki ba ya sukuwa cikinsa, ruwa na kusa da an haƙa, ƙasa na ba da abinci. Waɗanda suka zauna nan yaƙi ne a bayansu, mahayan abokan gaba sun fi ambaliya ba su tsoro.

Daga nan a gangaro kan dalilin da ya sa ake ce wa sarkin garin nan Sarkin Katsina, don wannan tambayar ba baƙon da ba ya yin ta. A 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki can. Gidan sarautar da aka fitar ya yi arewa, ya ɗan zauna a ƙasar Damagaram, sannan wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi. Sun taho da tsarin fadarsu dungurungum, shi ya sa ake da Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi, manya huɗu da a da su ke zaɓen sarki, ga kuma Iya a ɓangaren mata. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara kan Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, Sarki Rauda ya kwanta dama a fagen. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, ga ta nan kusa da mu. Ɗan Baskore, wanda ya yi sama da shekara 20 bisa gado har zuwa 1875, shi ne ya fi matsa wa Katsina da hare-hare.

A yi hattara a wannan gaɓar. Cikin mutum 35 ba a rasa Bafulatani, ba a rasa wanda danginsa ke Sakkwato ko Katsina. Jagoran da ya mai da tarihin nan kirari da gori zai ɓata wa wasu rai, su yi shiru, ku ba ku sani ba sai bayan taro. A faɗi abin da ya faru a tsaya nan. Wasan Bagobiri da Bazabarme kuwa ku bar shi ya gudana, shi ke rage nisan hanya.

Tsayawar ƙarshe ta kasance inda ake hango babbar kasuwa, a yi maganar dukiya. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ta bar Katsina can, Maraɗi nan, iyaka tana wajen kilomita 40 ta hanyar Ɗan Isa. Gyaɗa ce ta fara tada garin: kantunan Turawa, matsar mai, daga baya SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na ƙasa, da aka kafa a 1962. Da farin shekarun 1970 ya karya gyaɗa, alhazan gari suka juya ga fataucin kaya tsakanin nan da Najeriya. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum 267,000 da ƴan kai. Bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, wanda aka sa wa suna Maraɗi Kwalliya, shi ma ya bar tituna da gine-ginen da za su gani a tsakiyar gari.

Kowace tsayawa magana uku ta isa. Jagora ya yi minti 5 ko 6, a bar sauran ga masu tambaya, a wuce. Mai son jerin sarakuna daga Ɗan Kasawa zuwa yau, a buga masa a takarda guda a raba wajen cin abinci.

Hajiyar Limanci ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari, Malam Mai Awo. Mushe, tarihinka ba gyara, amma tsarin hanyarka ban yarda da shi ba. Baƙo ba ya gama zaga gari sannan ya zo gaida mai gari. Fada ce farko. Ko a bar maganar ladabi, fada lokaci za ta yanka muku, kuma ayarin mutum 35 da ya fara da gangaren gulbi ba zai iso kan lokacin ba. Zai iso da ƙura har gwiwa, ana kiran magariba, fadawa sun watse.

Takarda uku za ku rubuta, sati biyu kafin ranar: ɗaya zuwa fada, ɗaya zuwa ofishin magajin gari, ɗaya zuwa ga ƴan sanda. Kowace ta ƙunshi sunan ƙungiya, yawan mutane, rana, lokacin farawa da na gamawa, unguwannin da za a ratsa, da lambar wayar mutum ɗaya da ke da alhaki. A buga muku hatimin karɓa a kan kwafi, wannan kwafin ya kasance a aljihun wanda ke gaban ayari. Idan akwai wanda ba ɗan ƙasa ba cikin baƙin, ku faɗa tun a takarda, don ƙa'idar zirga-zirgarsu daban ce.

Ta fada kuwa takarda kaɗai ba ta isa. Mutum biyu ko uku su kai ta da ƙafarsu, tare da dattijon da fadawa suka san fuskarsa, da ƙwaryar goro, wato goro 100, mai kyau ba busasshe ba. A nan za ku roƙi abu biyu. A ba ku bafade dattijo da zai raka ku, kuma a aika wa masu unguwannin da za ku bi. Saƙon da ya fito daga fada shi ke buɗe zaure. Idan ku kuka je kai tsaye wurin mai unguwa, zai karɓe ku da fara'a, ya ce to, sannan ya jira ya ji daga sama.

Batun jagora, mutum biyu kuke bukata masu hali daban. Bafade ya san gidan wane ne wannan, wace sarauta ce a cikinsa, wa ya gada daga wa, amma ba ya duba agogo, kuma ba mai katse shi. Sai a haɗa shi da malamin makaranta irin su Mushe, wanda zai sa shekaru a inda suka dace, ya fassara wa wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya kuma san yadda ake cewa "Baba, a ci gaba a tsayawa ta gaba" ba tare da an ji kunya ba.

Ranar gaisuwa, ku gaya wa mutanenku tun a zauren taro, kada a bari sai a ƙofar fada. Takalmi a waje. Dogarai su za su nuna inda za a zauna, a zauna ƙasa, ba a tsaya kan mutane. Mutum ɗaya ne zai yi magana da sunan kowa, minti biyu: su wa ne, daga ina, me ya kawo su, addu'a. Ba a miƙa wa Sarki hannu sai in shi ya miƙo, kuma idan bafade ne ya amsa gaisuwar a madadinsa, haka al'adar take, kada wani ya ɗauka an share shi. Waya a rufe bakinta. Hoto sai an tambaya an ce a ɗauka, kuma mutum ɗaya ya ɗauka ya tura wa saura ta WhatsApp, ba hannu 35 sama ba. Yana iya yiwuwa Sarki ya yi tafiya ko wani uzuri ya taso, wakili ya karɓe ku. Ku shirya wa hakan, kada fuska ta canza.

Mata su zo da mayafi wadatacce. Su ne ma ke da rabon da maza ba su da shi, domin a gidajen unguwa maza a zaure suke tsayawa, mata kuwa in an yi sallama sai su shige har tsakar gida, su ga rumbu da madafa da yadda aka raba ɗakuna. Idan kuna son su gaida Iya, ku sa shi cikin roƙon da za ku kai fada.

Sai rana. Litinin da Juma'a ranakun babbar kasuwa ne, titunan tsakiyar gari cike suke da amalanke da manyan motoci har dare. Ku kauce musu.

Mai Awon Fili ya rubuta:

Mushe, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na duba, yini na biyun Juma'a ya faɗo, za mu roƙi shugabanni a dawo da zagayen ranar Alhamis. Fada farko, mun karɓa. Saura biyu. Abokan aikinmu za su so ganin ginin ƙasa na gaske kusa da kusa, me za a nuna musu a jikinsa? Kuma wa zai taimaka mana da lissafin lokaci, don ina tsoron duhu ya same mu a gangare?

Baba Magini ya rubuta:

Ɗana Mai Awo, ginin ƙasa yana nan, sai dai bulon siminti da kwano sun rufe shi, sai an nema. Kada ku bar shi ga sa'a. Ku zaɓi gida biyu tun kafin ranar, da yardar masu su. Ɗaya wanda ake kula da shi, ɗaya wanda yaɓensa ya zube. Na biyun ya fi koyarwa, amma a san yadda za a roƙa, don ba mai son a tara masa mutane a nuna tsiraicin bangonsa.

A inda yaɓe ya faɗi za a gane ko tubali ne ko bulon ƙasa da ake bugawa da akwati. Bulo mai kusurwa huɗu ne, layinsa a miƙe. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi faffaɗa, kai siriri, a shanya a rana, a jera shi tsaye kai sama a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon tubali kauri gare shi a ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Ku sa baƙi su tsaya a bakin ƙofar zaure su dubi kaurin bangon a gindi, sannan su ɗaga kai su dube shi a sama. Ƙasar kuma ba a kwaɓa ta yau a yi gini yau. Ana zuba mata ciyawa ko kashin doki, a tattaka, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakawa. Wanda ya yi gaggawa a nan shi ne bangonsa ke tsagewa tun kafin damina.

Cikin zaure a dubi rufi. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ya wuce kamar mita biyu. To yaya aka yi zaure mai faɗin mita huɗu ko biyar ba ginshiƙi? Wannan ita ce tambayar da za ku jefa wa injiniyoyinku, ku bar su su yi gardama kaɗan. Ana dasa azara cikin bango tana leƙowa, a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure da igiya, daga wannan gefe da wancan har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, ana ce masa ɗaurin guga. Bisa azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe.

Abin da ke hana ruwa shiga shi ne makuba da laso. Makuba daga ɓawon ƴaƴan ɗorawa ake samun ta, a jiƙa, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta. Laso kuwa haɗi ne: katsi, wato guggubin baba daga marina, gashin jima daga wurin majema, da ruwan dafara, wata shuka mai yauƙi. A garin jar akuya gashin jima bai taɓa wuya ba. Katsi ne ya yi ƙaranci tun da marina suka mutu, shi ya sa mutane suka koma siminti.

Nan ɓarnar take, kuma ku nuna musu ita. Siminti ba ya kama ƙasa. Ruwa ya sami ƴar tsaga ya shiga bayansa, ba hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana narkewa a ɓoye, wata rana yaɓen ya ɓalle falle guda ya bar rami. Ku ƙwanƙwasa da yatsa, inda ya yi ƙarar fanko ya riga ya rabu da bango. Na biyu indararo. In ya gajarta ko ya karye, ruwan soro a gindin bango yake zuba, kuma ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Na uku ya shafe ku kai tsaye, ku masu zana titi. Idan aka ɗaga titi aka shimfiɗa pabe, wato bulon daɓen titi, ba a duba dokin ƙofar gidajen gefe ba, zauren da ke sama da hanya jiya ya koma ƙasa da ita, ruwan sama na farko cikinsa zai kwana. Wanga abu ku tsaya kansa da kyau, ya fi zankon da ke bisa soro amfani gare su, ko da yake zankon ne kowa zai ɗauka hoto.

A ba mai gida ɗan abin goro a hannu, a ɓoye, ba gaban jama'a ba.

Ɗan Zariya ya rubuta:

Yaya Mai Awo, ga lissafin. A Disamba rana na faɗuwa a Maraɗi wajen ƙarfe 6:05 zuwa 6:15, kuma bayan kamar minti 20 duhu ya rufe. La'asar ana yin ta wajen ƙarfe 4. Duk zagayen tsakanin salla biyun nan yake, ba a ƙara masa ko minti ɗaya. Saboda haka a tashi daga taro 3:30, mota ta sauke mutane kusa da fada, a yi la'asar a masallacin nan, 4:20 kowa na ƙofar fada. Gaisuwa da shiga da fita da neman takalmi za su ci minti 30. Ya rage daga 4:50 zuwa 5:55, minti 65 ke nan. Cire tsayawa uku na minti 10-10, wato gidajen Baba biyu da bakin tudu, saura minti 35 na tafiya. Ayari cikin rairayi, ana hira, ba ya wuce kilomita 3 a awa. Abin da ƙafa za ta ci bai kai kilomita 2 ba, zuwa da dawowa. Don haka tsayawar kasuwa da Mushe ya kawo ba ta shiga. A yi ta daga cikin mota bayan magariba a hanyar zuwa cin abinci, ko a ba shi minti 10 kafin a buɗe kwanoni. Idan bakin tudun da kuka zaɓa ya yi nisa da fada, mota ta jira can ta maido mutane masallaci, kada a ce sai an rufe da'ira da ƙafa.

Mutum biyu daga kwamiti su taka hanyar sati guda kafin nan, ranar Alhamis, daidai wannan lokacin, da agogo a hannu. Da safe hanya daban take. Da marece ne za a ga inda ake zaman makoki ko biki an toshe layi da rumfa, inda ruwan wanka ke kwance, inda garken shanu ke hawowa daga fadama.

Mutum 35 ba sa shiga zaure ɗaya, kuma na baya ba ya jin jagora. Bayan fada a rabu biyu, 17 da 18, rukuni ɗaya ya fara da gidan farko, ɗayan da na biyu, su yi musaya, a haɗu a bakin tudu wajen 5:35 lokacin da rana ta yi sanyi. A can a tsayar da mutane rana na gefensu, in ba haka ba ido a runtse za su saurari bayanin kwarin. Kowane rukuni da mai ja gaba da mai kora a baya, na bayan shi ke ƙirga kawuna a kowace tsayawa. Lasifikar hannu ta yi amfani a fili, amma a kashe ta kusa da masallaci da cikin lungu.

Adaidaita biyu su bi ayari a hankali saboda dattawa, a yi ciniki da su na awa biyu tun kafin a tashi. Ruwan leda 100, a dala biyar-biyar, wato sefa 25 kowace, sefa 2,500 ne, da buhu guda na zuba ledojin da aka sha. Tocila huɗu. Takunkumin hanci ga masu asma, don hazon hunturu ba ya sallama. Takalmi mai sauƙin cirewa, ba mai tsini ba. A nemi gida kusa da masallaci inda mata za su yi alwala da salla, a tanadi butoci, wannan shi aka fi mantawa. Wajen tsallaka kwalta a tsaya a taru a ƙetare gaba ɗaya, ƴan kabu-kabu ba sa rage gudu don mutum ɗaya-ɗaya. Yara za su biyo ku. Kada kowa ya fara rabon canji a titi, cikin minti biyu ayarin zai ninka. Mai niyyar sadaka ya ba mai riƙe da kuɗi, a kai wa malamin makarantar allo.

Kuɗin ku 70,000 ya isa in mutum ɗaya ne ke riƙe da shi. A ware na goro da gaisuwar fada, na bafade da malamin da suka yi jagora, na masu gida biyu, na adaidaita, na ruwa, kowanne a ambulan ɗinsa da suna a baya. A bar 10,000 ba a taɓa ba. Mai abinci a ba ta adadi da rabin kuɗi tun jajibiri, a ce mata 6:45. In za a yi kunun aya, kuma ya kamata a yi tunda ƙasar aya ce, a sa shi cikin ƙanƙara, yana saurin tsami. Madarunfa kuwa da rana ake zuwanta, da sanin hukuma. Yadda tsaro yake a kudancin jiha, ba a kai baƙi can da marece.

Mai Awon Fili ya rubuta:

Baba, Allah ya ja kwana. Ɗan Zariya, lissafinka ya zauna. Wasu abokan aiki sun ce za su zo da na'urar awo don su ɗauki tsawon tudun da kwarin, wani ma yana da ƙaramin jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto daga sama. Akwai matsala?

Hajiyar Limanci ta rubuta:

Akwai, babba ma. Jirgin ya zauna a jakarsa. Tada shi sai da izini na musamman daga hukuma, kuma takardar zagayenku ba ta ƙunshe shi ba. A halin da ake ciki, kafin ya sauko jami'an tsaro sun iso, taronku ya koma wani zance. Haka hoton bariki, ofishin gwamna ko shingen ƴan sanda, ko da waya ne.

Na'urar awo da tef da rigar aiki mai ƙyalli da hular kwano su ma a bar su a masauki. Mutanen tsofaffin unguwanni sun san abin da ke biyo bayan masu awo. Da an ga baƙi 35 an kafa na'ura mai ƙafa uku a bakin layi ana leƙawa, kafin isha'i labari ya zaga cewa za a fasa titi a rushe gidaje, gobe da safe mai unguwa na fada yana neman bayani, bafaden da ya raka ku shi zai sha tambaya. In tsawon tudu suke so, ku buga taswirar gari mai layukan tsawo a babbar takarda, kwafi biyu, kowane rukuni da ɗaya, a buɗe ta a bakin gangaren. Wanda ke son awo na gaske ya dawo wata rana da takardarsa daga ofishin magajin gari, mai unguwa na tsaye kusa da shi.